Iskar da Ba a Ƙirga Ba

A El Alto iska ba ta da ƙiba.
Mita dubu huɗu sama da teku,
mutum da mota haki ɗaya suke yi,
kowa na jan numfashi kamar guga daga rijiya mai zurfi.

Da sanyin safiya Nemesio Huanca ya shigo da bas ɗinsa,
fara, mai cin mutum goma sha huɗu.
Ya ce gangara zuwa La Paz lafiya lau,
a hawan dawowa ne take shaƙewa,
ta yi tari, ta yi tuntuɓe,
fasinja na tsaki, na baya na danna ham.
Sensar iska biyu na saya, in ji shi,
ɗaya a kwali, ɗaya gwanjon kasuwar Alhamis,
kuma duk maƙaryata ne.

Fortunata Choque, wadda nake koyon aiki a hannunta,
ba ta ce uffan ba.
Ganyen koka na dunƙule a kumatunta.
Ta jona kwamfuta ƙarƙashin sitiyari,
ta miƙo mini, ta ce karanto.

Muka hau tudu, na take totur har ƙasa.
Giram nawa a daƙiƙa?
Lambar ta kasa kamo ta littafi.
Na ce ga shaida, sensa ta mutu.
Ta ce wannan littafi a bakin teku aka rubuta shi,
a nan sai ka zubar da kashi ɗaya cikin uku
kafin ka ɗora wa kowa laifi.

Dubi layin ƙasa, ta ce.
Ƙwaƙwalwar mota na ta ƙara fetur,
ashirin cikin ɗari, har da ɗoriya,
don mai gadin salansa na kai mata tsegumi
cewa iska ta yi yawa a tukunya.
Na ƙofar shiga ya ce kaɗan ce ta wuce,
na ƙofar fita ya ce da yawa ta fito.
To, wa za ka kama?

Na kwance sukurori biyu, na zaro sensar.
Waya ce, siririya, ba ta kai gashin gira ba.
Wuta ke gasa ta, iska na fifita ta,
da sanyin da ta ji take lissafi.
Kar ka taɓa da yatsa, ta ce.
Na ɗaga ta saitin ƙanƙarar Illimani,
fes take, ko ƙura babu.

Sai Fortunata ta jawo gwangwanin fenti
wanda ta mayar injin hayaƙi da hannunta.
Muka toshe bakin matata da safar roba,
ta hura.
Shiru.
Nemesio ya fara murmushin na gaya muku.
Ta sa gwiwar hannu ta ture injin gefe,
yadda yake karkata in ya ɗauki kaya a hawa,
sai ga farin zare
yana silalowa daga lanƙwasar tiyo,
can ƙasa, inda ido ba ya zuwa,
taƙi ɗaya bayan sensar.

Ɓarauniyar hanya.
Mai ƙirga na bakin ƙofa da gaskiyarsa,
baƙi na shiga ta katanga.

Nemesio ya cire hula, ya mayar.
Ya laluba aljihu, ya taɓa rasit biyu,
ya tambayi kuɗin tiyo.
Da ta faɗa, ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo:
bai kai cinikin sawu ɗaya ba.

Muka mayar masa da tsohuwar sensarsa ta asali,
wadda ya jefa ƙarƙashin kujera tun watan jiya.
Ƙarin fetur ya sauko, sha biyu, bakwai, uku.

Da yamma na ji ham ɗinsa daga kwanar tudu,
bas cike, har da buhun dankali a sama.
Ni kuwa ina zaune kan tsohuwar taya
da mataccen tiyon a hannuna,
in lanƙwasa, baki ya buɗe,
in saki, ya rufe ruf,
kamar bai taɓa shan komai ba.